Ranar da Aka Ƙone Takin Yagana

A bayan garken shanun Yagana mai madara, can gefen garin Diffa, wani dattijo na tsaye yana kallon tulin kashin shanu na cin wuta. Maƙwabta ne suka kai ƙara saboda wari da ƙudaje, mai unguwa ya ce a ƙone. Babu wanda ya san dattijon. Dogo ne siriri, rigarsa ta koɗe, dugadugansa duk faso, irin na mutumin da ya tsufa cikin laka. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ya sunkuya ya damƙo inda wutar ba ta kai ba, ya murtsuke, ya kai hanci. Taki ne da ya ruɓe sarai, baƙi wuluk. Da alama irinsa ne yake lallashin makiyaya su bar masa a gonarsa ta tattasai a bakin kogin Komadugu, kafin masu bindiga su raba shi da ita.

"Baba, matsa, hayaƙin nan zai cuce ka," in ji Yagana.

"Wane marar tsoron Allah ne ke ƙona abincin ƙasa?" ya daka tsawa. "Su da ke toshe hanci, da me suke zaton tattasan miyarsu ya girma?"

"Na gaji da zagi, Baba. Kawo amalanke ka kwashe, na ba ka."

Ya dube ta, idonsa jajir.

"In kai ina, 'yata?"

Ya cusa abin da ke hannunsa a aljihu, ya juya.