Turakun Siminti da Na Matsar a Bayan Filin Jirgi

Ranar da ma'aikatan awo sunka zo garinmu, nan gefen Ambursa, ga waɗanda ke zaune gindin ɗorawa: maigari, da liman, da Malam Umaru mai albasa, da Bala ɗan ƙanena, da ma'aikatan su biyu, da ni. Na fara da lissafa su ne don kada wani ya tausaya mini ya ce tsohuwa ba ta sani ba. Ina wurin, kuma da kunnena na ji komai.

Babbansu ya yi muna bayani da Hausa tsantsa. Ya ce daga wayar shingen filin jirgi zuwa inda za su kafa turakun siminti, hanyar saukar jirgi ce. A yi noma, a yi kiwo nesa da waya, amma ba gini, ba zuba shara, don bola na kiran ungulu da shirwa, tsuntsu kuwa in ya shiga injin jirgi rayuka ne. Kowa ya ce ya ji. Ni ma na ce na ji.

Ku 'yan yanzu ba ku san ko ni wace ce a lokacin ba. Haifaffiyar Argungu ce ni, aure ya kawo ni nan. Ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗi nike ana rubutawa. Ungozoma ce ni, kuma Allah ya ba ni riƙon abu a kai. Na san gonar kowa tun daga kakansa, na san wanda ya dasa kowane tushen gamba da ke kan iyaka. In maza sunka yi rigimar gona, maigari kan ce a kira Inna. In na nuna wuri da sandata, magana ta ƙare. Ba ni dariya da yara, ba ni cin bashin kowa. Tsorona ake ji, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Da birni ya fara matsowa, fili ya yi daraja, Bala ya bar tuƙin kabu-kabu ya zama dillali. Wata rana ya shigo da turmin atamfa ya aje gabana.

Ya ce, "Gwaggo, turke guda ne ya tsaya ma wani bawan Allah a tsakiyar katanga. Ɗan matsawa kaɗan za mu yi. Ke dai in an tambaya, ki ce nan kinka san shi."

Na ce, "Kai Bala, ba ka jin tsoron Allah?"

Ya ce, "Gwaggo, jirgin ga sama yake bi ko ƙasa? Mi taku biyu za su rage mishi?"

Na kore shi, amma ban ce ya ɗauki atamfar ba. Daga nan faɗuwata ta fara, ba daga kotu ba.

Ranar Juma'a muke aikinmu, da rana tsaka, in maza sun tafi masallaci Ambursa. Bala ya tona ya ciro turken, ni in nuna inda za a mai da shi. Sai in cike tsohon ramin, in ciro tushen gamba da ƙasarsa in dasa jikin sabon wurin, in zuba ruwa. Bayan 'yan kwanaki, duk wanda ya gani zai rantse tun kafin a haife shi abin ke nan. Haka munka tashi munka gani: iyaka tana cikin ƙasa da bakin tsofaffi. In ka gyara ƙasar, kuma tsohuwar taka ce, wa zai ja da kai? Daga turke guda munka koma layi guda. Gonar gero ta zama fuloti-fuloti, ni ce shaida.

Cikin masu saye akwai Iya Basira, Bayarabiya mai sai da robobi a kasuwar Birnin Kebbi. Nan ta girma, Hausarta ta fi ta wasunku. Mijinta ya rasu, tana haya wajen unguwar Gesse da 'ya'yanta. Ba ta yarda da Bala ba, sai ta zo har ɗakina ta durƙusa.

Ta ce, "Mama, ni dillali ba ya ruɗa ni. Ke nike tambaya. Tsakaninki da Allah, wurin ga ba matsala?"

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ɗiyata, ni na yanke cibiyar rabin garin ga. Je ki yi gininki."

Ta yi gininta, bulo-bulo, daga ribar bokiti da kwano. Ranar da ta tare ta aiko mini da shinkafa da kaza. Na ci. Lokacin tashin alhazai, in babban jirgi ya sauko, kwanon ɗakinta har rawa yake, yaranta su toshe kunne su ruga waje. Ta ce mini, "Mama, anya?" Na ce za su saba.

Bayan damina biyu ma'aikatan sunka dawo. Ina tsaye da sandata, na ce musu turakun na nan inda sunka bar su. Babban bai yi gardama da ni ba. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya duba, ya taka ya wuce turkena da gambata ko kallo bai yi musu ba. Ya yi sallama ya shiga gidan Iya Basira, ya tsaya tsakar gida kusa da randar ruwa, ya buga ƙafa.

Ya ce, "Nan munka kafa shi. Inna, turke alama ce kawai. Ko kin kai shi Zauro, iyaka na nan inda take."

Anka shafa jan fenti a gidajen, daga baya katafila ta zo. Ina kallo Iya Basira ta fito da tukunya a kai, ƙaramarta na riƙe da zanenta. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Mama, na durƙusa miki fa."

Bala ya tsallake iyakar ƙasa, har yau ba a gan shi ba. Ni anka kai kotu. Alƙali ya tambaye ni, na ce na aikata. Anka ɗaure ni.

Ba zan yi muku dogon labarin gidan yari ba. Tsohuwar da ake tashi tsaye in ta shigo, ita ce ke layin kwano da yaran da ta isa ta haifi uwayensu. Amma nan ne na ga alherin da ban cancanta ba. Wata gandireba ta riƙa kira na Kaka, tana nemo mini man zafi don gwiwata. Malam Umaru ya riƙe mini awakina bai sai da ko ɗaya ba. Wata rana anka ce ina da baƙuwa. Na fito, sai ga Iya Basira da leda, sabulu da garin kwaki da ƙuli-ƙuli.

Ta ce, "Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Amma an ce tsohuwa ba ta da mai zuwa, ni kuma uwata ba ta koya mini haka ba."

Ta riƙa zuwa, tana ba ni sabulu tana gaya mini baƙar magana, ni kuma ina karɓar duka biyun da godiya. Na gode ma Allah da katafila ta riga jirgi isa gidan nan. In da wani abu ya sami yaran, wane gidan yari zai ishe ni?

Yanzu ku saurara, ku samari masu yawo da taswira a waya kuna neman na dillanci, da ku 'yan mata masu tara kuɗin fili. Inda anka ce ba gini, akwai dalili, ko kun gane shi ko ba ku gane ba. Kada ku taɓa turke. Kada ku karɓi kyautar da kunka san kuɗin bakinku ce. In mutum ya ce ku yarda da shi don furfurarsa, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku je ofishin filaye ku tambaya.

Ranar da anka sallame ni na kwana gidana. Mijina ya bar mini wani ɗan fegi bayan gari, can nesa da wayar filin jirgi, shi kaɗai ya rage mini. Da safe na hau mashin zuwa kasuwa, na sami Iya Basira tana jera robobi. Na gaya mata fegin nata ne.

Ta ce, "Mama, shi ma ba matsala?"

Na ce, "Kada ki tambaye ni. Rufe shagon, mu tafi mu kira ma'aikatan awo su auna."

Ta ɗauki mayafinta.