Ranar da Aka Yi wa Amfilifaya Fifita

Na gyara rediyo da amfilifaya ba iyaka a ɗan shagona na Jekadafari a Gombe, yawancinsu kuwa na kan manta da su tun kafin masu su su kai bakin titi. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga raina ba.

Wata dattijuwa ce ta kawo ta daga Tumfure a keke napep, ta naɗe ta da zane. Batangaliya ce, mijinta malamin makaranta ne da ya rasu shekarun baya. Amfilifayar tasa ce, irin ta da, mai nauyin tsiya. Da ita aka yi kiɗa a tsakar gida a bikin duk 'ya'yansu mata, ga shi auta za ta yi aure ranar Asabar. Yara sun ce za su ɗauko masu kiɗa na haya, ta ce su ɗauko, amma sai ta babansu ta fara magana tukuna.

Na buɗe, na canja abin da ya mutu, saura daidaita bayas. Ga wanda bai san sana'armu ba, bayas ita ce 'yar wutar da ke ratsa manyan tiransistoci ko da babu waƙar da aka sa. In ta yi kaɗan murya ta shaƙe, in ta yi yawa su yi zafi su ƙone. Da wani ɗan sukuru ake juya ta, ido a kan mita, kuma ba a taɓa ta sai an bar na'urar a kunne ta ɗauki ɗuminta. Abin da ya sa nake kaffa-kaffa shi ne irin tiransistocin nan sun ƙare a kasuwa, sai jabu. In suka ƙone, Asabar ɗin Mama ta lalace ke nan.

Na ce ta je gida ta dawo gobe. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce a garinsu ba a barin marar lafiya shi kaɗai a asibiti. Ta jawo benci kusa da teburin aiki, ta fito da mafici da ƙullin gyaɗa, ta zauna.

Na cire lasifika, na rage murya, na kunna, na tafi sallar azahar don ta yi ɗumi. Da na dawo na tarar da Mama hannu a cinya, shiru. Na duba mita, wuta ta yi ƙasa. Na taɓa ƙarfen da ke shanye zafi, na ji shi da sanyinsa, a tsakiyar bazarar Gombe kuwa. Na ƙara sukuru kaɗan, na leƙa wurin maƙwabcina neman dalma. Na dawo, jiya i yau. Na sake ƙarawa. Ni dama ba na iya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi da kayan aiki. Na zagi mita, na buga ta a tafin hannu, na fita na sayo mata batir, na fita na aro ta maƙwabci, duk bakinsu ɗaya. Mama na ɓare gyaɗa tana yi mini sannu.

Allah ya so ni da rahama wayarta ta yi ƙara. Amaryar ce, tela ya ɓata ɗinkin anko. Mama ta fita bakin shago, Hausa ta ƙare mata ta koma Tangalanci, faɗa ya yi tsawo. Ni kuma na gaji, na yi tagumi a gaban mita. Sai lamba ta fara hawa kamar farashin shinkafa, ba ta waiwaye. Kafin in ankara ƙaurin zafi ya bugi hancina. Na fizge wayar wutar daga bango.

Mama ta shigo, ta taɓa ƙarfen, ta janye hannu da sauri. "Ka gani ko? Ɗan fitar nan da na yi, zazzaɓin ya dawo." Ta ɗauki mafici ta hau fifita da iya ƙarfinta.

Ashe da zarar na fita, abin da take yi ke nan. In ta hango ni sai ta ajiye, wai idan likita ya shigo mai jinya ja da baya take yi. Ni ina ƙara wuta, ita tana korar zafi, tun azahar muna kokawa ba mu sani ba. Dariya ta ci ƙarfina har na zauna a ƙasa.

"Mama, ai zafin nan shi nake jira."

"Ɗana, wane irin likita ne ke jiran zazzaɓi?"

Ita ma ta yi dariya har tana share ido. Can ta dubi maficin, muryarta ta yi ƙasa, ta ce: "Haka na yi wa mai ita har ya tafi. Hannun ne ya saba."

Dariyata ta tsaya cak. Tausayinta ya kama ni, sai na sunkuya na hau gwada tiransistoci. Da ransu, alhamdu lillahi. Na mayar da sukuru baya, na gaya mata cewa abin kamar suyar ƙosai ne, sai mai ya yi zafi ake sanin yawan itacen da za a bari a murhu. Ta ce da na faɗa tun farko. Muka sake kunnawa, ta zauna a kan maficin don kada hannu ya ci amanarta, muka jira har lamba ta tsaya wuri ɗaya.

Ranar Asabar na je Tumfure. Amfilifayar malam ce ta buɗe taro, tar da ita, kuma Mama ce ta fara shiga fili.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna kusa da teburina sai na gaya masa abin da nake yi da dalilinsa. Na gane cewa tsabar ƙauna ma na iya halaka abin da mutum ya fi so, in ba a sami wanda ya tsaya ya gaya masa cewa ba kowane zafi ne ciwo ba.