Muryata a Sifikar Baba

Baba yana da wata tsohuwar rikoda mai sifika biyu, kowace ta kai gwiwar mutum, tun zamanin da yake aikin gwamnati a Kazaure. Wurin kaset ɗin ya mutu, kunnen Baba kuma ya yi nauyi, sai ya zamana ba ya samun tafsirin da ya saba ji bayan la'asar. Ni kuwa ina da 'yar MP3 da ba ta fi kwalin ashana ba, cike da tafsiri, amma sai da iyafis. Baba ya ce shi ba zai cusa wani abu a kunnensa ba, ko na waye.

Na ɗauke ta na kai wa ɗan kawuna, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Taubashina ne, tun muna yara ba ya kirana da suna sai "bawana". Ya juya ta, ya ce abu mai sauƙi. Za a sami waya mai siririn kai ɗaya da zai shiga ramin iyafis, ɗaya gefen kuma kawuna biyu, ja da fari, a soka su a bayan rikoda. Ya ce in bar masa ita kwana biyu ya liƙa wayar da dalma ya gwada.

Nan na tsaya ina sosa ƙeya. Ina da in'ina tun tasowata, irin wadda harafi ɗaya zai riƙe ni har gumi ya karyo. Bayan Sallah za ni gaisuwar surukai a Gwiwa, kuma na ƙudurta da bakina zan gaishe su, ba aboki ne zai yi mini ba. Wata biyu ke nan ina hawa dutsen bayan gidanmu na Roni ina ɗaukar muryata a cikin na'urar, in saurara, in sake. Ba wanda ya sani. Na gaya masa duka, na roƙe shi kada ya taɓa wurin da muryar tawa take. Ya dafa kafaɗata ya ce wallahi na burge shi. Har daɗi na ji, don wautata.

Ranar Sallah da yamma tsakar gida ta cika, gwaggonni da kawunnai da matan yayyena, ana ta miƙa tuwo da nama. Taubashin nawa ya zo da na'urar da wayar da ya haɗa, ya sa aka fito da sifikun kan tabarma, ya jona ja da ja, fari da fari. Ya ce wa Baba yau zai ji babban malami. Ya murɗa ƙara har ƙarshe.

Muryata ce ta fito. Ina fama da "barka da yamma", na maƙale a kan ba ɗin nan sau bakwai ko takwas, ga numfashina kamar na mai daka. Sai kuma aka ji na ce wa kaina, a hankali, daure mana.

Gida ya kwashe da dariya. Wata gwaggo har da riƙe ciki. Baba da aka yi abin dominsa, yau kam ya ji komai tsaf, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na miƙe zan fizge wayar, kawu ya riƙe mini riga yana share hawaye.

"Kai, zauna. Wa ya taɓa fushi da taubashi?"

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da bare ne ya yi, da na zage shi na huce. Wannan kuwa ya ci amanata a wurin da aka hana ni ko ɓata fuska.

Na je Gwiwa. Na durƙusa gaban surukina, na buɗe baki, sai na ji dariyar nan a kunnena. Ko sallama ban iya haɗawa ba. Abokina ne ya yi gaisuwar, ni ina kallon tabarma.

An yi auren, yanzu 'ya'yanmu uku. Taubashin nawa yana zuwa gidana, ya ci, ya sha, ya tsokane ni, in yi murmushi yadda ake so. Kwanaki na ji yana gaya wa matata, da tausayi a muryarsa, wai in'inata ƙaruwa take yi, don in suka zauna da ni da ƙyar nake haɗa kalma uku. Ta dube ni. Ta san a ɗaki zuba nake yi har sai ta ce in bar ta ta yi barci.