Turaren Baƙuwa

Ni mutum ne mai zargi, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Wanda ya yi shekaru yana sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar shanu ta Potiskum, yana kallon mutum ya rantse cewa saniyarsa karsana ce alhali haƙoranta sun gama cinyewa, ba zai ji magana ya haɗiye ta haka kawai ba. Don haka ranar da matata ta ce za ta gina wa kyanwoyi masauki a ƙuryar gidanmu, abin da na fara tambaya shi ne wa ya zuga ta.

Ta yi karatun kiwon lafiyar dabbobi, kuma ita ce mai zagaya gidaje tana yi wa awaki da tumaki allura. A wannan yawo ne ta lura akwai matan da ke ajiye irin kyanwar nan ta ƙasar waje mai gashi buzu-buzu, waɗanda idan tafiya ta kama su, Umara ko biki a Kano, sai su rasa wanda za su bar wa ita.

"Malam, ba irin ta kan katanga ba ce," in ji ta. "In aka bar ta ta nemi abincinta, gawarta za a tarar."

Na ce mata ta tuna garin da take. A nan in mutum ya gaji da kyanwa, cusa ta yake a buhu ya hau napep ya yar da ita a hanyar Gadaka, ta kuma riga shi dawowa gida. Ranar da aka ji muna karɓar kyanwoyi, buhuna za mu riƙa tashi da su a ƙofar gida. Sannan ga bakin mutane. Gidan da ake tara kyanwa, me za a ce ana yi a cikinsa? Ta saurare ni har na gama, washegari ta kira magini.

Shi magini da ya ji bayani, akurkin kaji ya gane. Sai da suka yi ta kai ruwa rana kafin ya yarda kyanwa na bukatar ɗakin da mutum zai shiga a tsaye. Ta sa aka yi ƙananan ɗakuna a jere ƙarƙashin bishiyar maina, aka yi silin saboda zafin kwano, aka shimfiɗa tayil da ɗan gangare don ruwan wanki ya bi kwata ya fice. Tsakanin ɗaki da ɗaki bango ne, ba raga ba, wai kada wata ta yi wa wata atishawa a fuska. Kowane ɗaki da katakon hawa, da akwatin ɓuya, da kwanon ci a wannan kusurwa, farantin yashi na ba-haya a waccan. Ƙofa biyu ce, sai ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. Taga kuwa can sama aka yi ta, da raga, tana kallon tsakar gida. Ni da na biya kuɗin tayil, ɗakina har yau siminti ne.

Dokokinta sun fi ginin yawa. Ba a shiga sai an wanke hannu. Ba a fesa maganin sauro, ba a zuba maganin wanke masai mai ƙarfin wari, ba hayaƙi kowane iri, domin ƙirjin kyanwa ba ya ɗauka. Ni ta karanta wa dokokin nan har na haddace. Inna, mahaifiyata, ba wanda ya karanta mata, saboda tun ranar da aka sa harsashi ta yanke hukunci.

"Ni dai ƙafata ba za ta taka wurin ba," in ji ta.

Tana da dalilinta. A hannun goggonta Babarbariya ta tashi, a wurinta ta koyi haɗa turaren wuta, kuma gindin mainar nan ne inda take shanya itacen turarenta tun zuwanmu gidan. An tattara mata tabarmarta ba a ko shawarce ta ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai koma shanya a ƙofar ɗakinta, tana kallon magina a kaikaice.

Mutum na biyu da ginin ya tsaya wa a rai shi ne maƙwabcinmu, mai kiwon tattabaru. Ya leƙo ta kan katanga ya tambayi abin da ake ginawa, da aka gaya masa sai ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ban ji daɗin yadda ya ja wannan "to" ɗin ba, na kuma ajiye ta a raina.

Baƙuwarmu ta farko kyanwar wata Hajiya ce, cikin 'yan kasuwar nan da iyayensu suka zo daga Kano. Kyanwar fara ce sol, fuskarta a baje kamar an danna mata faranti. Hajiyar za ta tafi Umara, ta kuma kawo ta da kanta a kwandon roba. Tana miƙa kwandon idonta ya cika da hawaye.

"Ta marigayiya 'yata ce," ta ce wa matata. "Amana na ba ki."

Da farko lafiya lau. Kyanwar ta hau katako ta kwanta tana kallonmu kamar mu ne baƙin. Daga baya sai atishawa ta fara. Idanunta suka soma ruwa, ta daina taɓa abinci, numfashinta ya koma da ƙara. Matata ta duba duk abin da ta sani. Ta canza yashi, ta canza abinci, ta wanke ɗakin da ruwa zalla, ta ba ta magani. Da safe kyanwar takan ɗan warware, har ta lashi ruwa, amma in muka dawo daga aiki da yamma sai mu same ta a ƙudundune cikin akwati tana haki. Matata ta rame a tsaye. Na ji ta a kan sallaya tana cewa da wane ido za ta kalli matar nan in kyanwar ta mutu a hannunta. Wallahi ni ma tsoro ya kama ni, domin ba dabba kaɗai aka ba mu ajiya ba.

Ni kuwa lissafina bai yi nisa ba. Abin da ke samun ta, yana samun ta ne lokacin da ba ma nan. Wata yamma na tsugunna a bakin ƙofar ciki sai na ga ɗan burbushin toka, da wani baƙin abu mai danƙo kamar ƙwayar gero. Na naɗe shi a takarda. Guba ce ko sammu, ban sani ba, amma na san mai tattabaru. Na fara gaishe shi a masallaci ina kallon yatsunsa. Na tambayi mai shagon unguwa, cikin wasa, ko wani ya sayi maganin ɓera kwanan nan. Har maginin sai da na sa a layi, don mun rabu ba daɗi. Matata ta ce in bar zargin mutane ba hujja. Na ce hujjar zan kawo mata.

Washegari na yi sallama kamar zan tafi shago, na zagaya na dawo na shige ɗakin ajiyar buhuna, wanda ƙofarsa ke kallon masaukin. Na zuba wa katangar maƙwabcin ido. Sauro ya ci ƙafafuna, zufa ta jiƙa min riga, ba abin da ya ɗago ta kan katanga sai tattabarunsa.

Da hantsi ya ɗaga sai na ji jan silifa. Inna ce. Tana tafe a hankali, ta waiga dama ta waiga hagu, kaskon turare a hannunta, hayaƙi na tashi. Ta tsaya a bakin famfo ta ajiye kaskon ta wanke hannu. Ta buɗe ƙofar waje, ta rufe, sannan ta buɗe ta ciki, daidai yadda ta ga muna yi daga nesa.

Abin da ya fara zuwa min shi ne ta zo korar kyanwar ne da hayaƙi, ta rama gindin bishiyarta. Na fito da sauri.

"Inna! Me ta yi miki?"

Ta juyo a firgice, sai kuma ta haɗe rai.

"Kai kuma me kake yi a gida da hantsi kamar mara sana'a?"

Na nuna kaskon.

"Baƙuwa ce fa," in ji ta. "Kun sauke ta a ɗaki ƙwal, ba ƙamshin komai sai sanyin tayil kamar asibiti. A inda na tashi ba a sauke baƙo sai an turara masa ɗaki. Uwar ɗakinta ta tafi ɗakin Allah, ta dawo ta ce a gidanmu ba a san baƙunta ba? Kuma tunda na ji tana mura na ƙara mata, ko ta samu ɗumi."

Na leƙa kaskon. Ba turaren da take sayarwa ba ne, na cikin kwalbar nan ne da take ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ta ce sai bikin babbar 'yata za a buɗe. Baƙin abin da na naɗe a takarda shi ne. Mu kuwa da ƙamshin turarenta ya kama gidan da tufafinmu shekara da shekaru, hancinmu bai taɓa bambance shi a ɗakin kyanwar ba.

Matata ce ta yi mata bayani da yamma, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa. Inna ta saurara ba ta katse ta ba.

"Wato ni ce ke kashe ta," ta ce.

Ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki.

Kyanwar ta warke kafin Hajiya ta dawo, ta karɓi abarta tana ta sa albarka. Na koma gaishe da mai tattabaru ina kallon fuskarsa. Amma Inna ta kife kaskonta a ƙarƙashin gado. Ta lura tagogin masaukin suna kallon ƙofarta, ta ce iska za ta kai hayaƙin. Ko a ɗakinta ta daina kunnawa. Gidan ya koma warin sabulu da girki kamar gidan kowa, na riƙa shigowa ina jin kamar na yi ɓatan hanya. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata.

Sai matata ta sake kiran magini. Aka toshe tagogin da ke kallon tsakar gida, aka fasa sababbi ta baya, wajen fili. Ranar da aka gama, ta ɗebo garwashi a murfin tukunya, ta je ƙofar Inna ta durƙusa, ta jawo kaskon da kanta ta juye a ciki.

Inna ta daɗe tana kallon garwashin.

"Kin tabbata ba zai kai musu ba?"

"Ba zai kai ba, Inna."

Sai da ta tashi ta zagaya, ta ga tagogin da idonta, ta jiƙa yatsa ta ɗaga ta ji inda iska ke kaɗawa. Sannan ta dawo ta buɗe akwati ta ɗauko kwalbar. Saura kaɗan a gindinta.