Rigar da Zejnil Ya Ƙi Sawa

Ranar Talata, sha tara ga Nuwamba, Mirsada ta kira ni a waya: mahaifinta Zejnil ya rasu, sanyi ya cinye masa huhu. Na Allah muke, gare shi za mu koma. Na faɗi haka, na ajiye wayar, sannan na zage ka, Zejnil.

Shekara hamsin muna hawa dutsen Prenj tare, muna farautar akuyar dutse. Kai ka goyo ni har gindin dutse ranar da na karye a ƙafa. Kai ke kawo min itace duk Alhamis tun rasuwar matata. Ban manta ba. Amma ba zan yi maka ƙaryar da ake yi wa mamata ba: taurin kai ne ya kashe ka.

A watan Satumba na ja ƙafa zuwa wani shago a garin Konjic don in zaɓa maka riga. Na ƙi mai gashin agwagwa, don in ta jiƙe ta tashi aiki. Kowace sai na murza hannunta a kunnena, kada ƙararta ta kori dabba. Na samu marar nauyi, wadda za ka cusa a jaka, ka hau da shiga sassauƙa, sai ka zauna kwanto ka sa ta.

Ka ɗaga ta da yatsa biyu. "Hamdija, wannan ai rigar matashin kai ce."

"Gwada dai, tsohon jaki."

"Rigar fatar tunkiya ta babana ta ga yaƙi biyu. Wannan kuwa ka ba jikanka. Au, na manta, ba ka da shi."

Ka hau dutse cikin fatar nan, ka yi sharkaf da gumi, ka zauna awa uku a ƙanƙara gumin yana daskarewa a bayanka. Kai da ka koya min cewa ba a hawa da rigar zama!

Bayan jana'iza Mirsada ta dawo min da ita, takardar shago na nan maƙale. Ina sanye da ita yanzu a ɗaki, ni da matakalar gida ke gagara. Akwai ɗumi, mugu. Jiya Alhamis, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah ya ba matarka Derviša da Mirsada haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka. Ya fi ni saurin yafiya. Ni ban huce ba tukuna.