Goshin da Iya ta Hango ta Saman Katanga

Ni ne na yi kuskure, ba Iya ba. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa tsufa ne ya sa ta saurin fushi, alhali na san bakina ne ya jawo.

Iya Yalwa kakata ce, ita ta haifi mahaifina. Sana'arta a gidanmu na Fagge suyar gyaɗa. Da an idar da magariba sai ta ɗora kasko a murhu, ta zuba yashi, in ya ɗau zafi ta juye gyaɗa tana motsawa da wani tsohon ludayin ƙarfe. Mu jikoki aikinmu murzawa. A zuba mana a faifai, mu murje, mu hure ɓawon, hayaƙi na shiga mana ido. Ladanmu wadda ta ƙone, sai kuma labari. Ni take kira Angonta, kuma ba ranar da ba ta kushe ni ba.

"Ku dubi mijin da Allah ya haɗa ni da shi," in ji ta. "Kai kamar ƙwarya, wuya kamar mariƙin lema."

"To tsohuwa, in na sake ki wa zai kwasa?"

Sai ta ɗaga ludayi kamar za ta make ni, a yi ta dariya.

Tana da tatsuniyoyin da kowace kaka ke da su, amma wanda muke roƙo shi ne labarin Mai Goshi. Bayan rasuwar kakanmu, tana da sauran ƙuruciya, ta yi tallan gyaɗa a bakin wani silima mara rufi. Ba ta taɓa shiga ba, domin a wancan zamani macen da ta taka ƙofar silima ta gama da mutuncinta. Sai dai daga inda take ajiye tire ana hango saman allon ta kan katanga, abin da bai fi kamu ɗaya ba. Saboda haka taurarin Indiya duk da goshi ta san su.

"Wani goshinsa rawa yake yi, wani faɗa. Shi kuwa Mai Goshi nasa tsayawa yake cak, gashi ya zubo masa. Sai ka ji silima ta yi tsit, ƙattin maza suna jan majina."

Sauran labarin ta tsinta ne daga bakin masu fitowa, suna sayen gyaɗa suna gardama, da kuma mai kunna na'ura in ya fito shan iska. Sai bayan shekaru, da bidiyo ta shigo gidan maƙwabta, ta ga fuskarsa gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe har da hanci gare shi."

Ga yadda take ba mu. Wai a wata ƙasa mai sanyi akwai wani attajirin 'ya'yan itace, mutumin kirki amma mai zafi, wanda ba abin da ya raina kamar 'yan wasa. Ɗansa ya bar gida. Wata mata mai gidan wasa ta gan shi, ta ce ya zo ya yi mata aiki. Don kada ubansa ya ji, yaron ya ajiye sunansa na yanka, ya karɓi wani. Rannan wani maƙwabci ya ja uban zuwa jikin wani bango da aka liƙa hoto, ya ce, "Wannan ba naka ba ne?" Uban ya duba, ya duba, ya koma gida. Daga nan, in ji Iya, Mai Goshi ya shiga duniya neman sunan da ya ajiye. Ya yi noma, ya yi sarauta, ya yi fashi, ya makance ya warke. Duk garin da ya je sai ya so wata, sai a raba su, sai ya mutu.

"Iya, ba jiya ya mutu ba?"

"Ya mutu mana. Da asuba ya tashi, ya wanke fuska, ya kama hanyar wani garin. Murza gyaɗa, Ango, hannunka ya tsaya."

Ban taɓa jin ko ya samu sunan ba. Da an sauke kasko take rufe baki, ko da ana tsakiyar yaƙi ne.

Na zo Dubai a dubu biyu da goma, na samu aikin loda da sauke kwantena a wani sito a unguwar Al Warsan. Matata Rabi da 'yarmu Ummi na bar su a gida, kuma Ummi ta gaji wurina a bakin faifai. A wurin aiki akwai wani dattijo Ba'indiye, Salim, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Wata Juma'a muna shan shayi a wani shago a unguwar Abu Hail, talabijin ta nuno wani tsoho tukuf, matarsa na riƙe da hannunsa. Indiyawan shagon suka zuba masa ido. Da aka nuno hotunan ƙuruciyarsa, na ajiye kofi. Goshin ne.

Salim ya ba ni tarihinsa tiryan-tiryan: inda aka haife shi, yadda ya yi tashe, lambobin yabo, aure, tsufa. Ni kuwa na ji kamar na tsinci dami a kala. Na jira har lokacin da na san an ɗora kasko a Fagge, na kira Rabi, na ce ta buɗe muryar waya kowa ya ji.

"Tsohuwa, yau asirinki ya tonu! Mai Goshinki yana nan da rai, bai taɓa mutuwa ba, bai taɓa fashi ba. Ya fi ki tsufa ma."

Ta yi dariya. "Kai da ka je ƙasar Larabawa ɗaukar kaya, yaushe ka zama malami?"

Da na tsaya nan, da wasa ne irin wanda muka saba. Sai na miƙa wa Salim waya, na ce ya yi magana, ni in fassara. Ya yi sallama da ladabi, ya yi bayani da Turancinsa mai gauraye da Indiyanci. Ya ce noma da sarauta da fashi duk fim ne daban-daban. Na fassara, har da ƙarin gishiri. Sannan ya ce, amma maganar uba mai 'ya'yan itace da ɓoye suna, haka su ma suka ji tun suna yara, kuma yana mamakin yadda ta kai Kano. Wannan ban fassara ba. Na ce, "Ya ce duk shirme ne." Yara suka kwashe da dariya, ina jin muryar Ummi a ciki.

Ina jin Iya na motsa ludayi a jikin kasko. Can ta ce, "Wasan jika da kaka ba a kawo masa shaida. Allah ya ba da sa'a a aiki." Ba ta ce Ango ba.

Rabi ce ta riƙa ba ni labarin abin da ya biyo baya. Washegari Iya ta fara labari, wani yaro ya katse ta, "Baban Ummi ya ce fim ne." Ta bar labarin, ta ci gaba da suya. Tun daga nan ana murzar gyaɗa ba labari, ba na Mai Goshi ba, ba na kowa ba. In Ummi ta roƙa sai ta ce, "Je ki tambayi ubanki, shi ke da na gaskiya." In na kira, gaisuwa kawai take amsawa ta miƙa waya. Na ce wa Rabi ta rabu da ita, rigimar tsufa ce, za ta huce.

Rannan kuwa Ummi ta tambaye ni. Ina zaune a kan gadona na sama, 'yan ɗaki na ta surutu, na ba ta na gaskiyar. An haife shi, ya yi wasa, ya yi suna, ya yi aure, ya tsufa.

"Sai me ya faru, Baba?"

"Shi ke nan."

"Ba daɗi," in ji ta, ta ba uwarta waya.

Shi ma Salim bai bar ni ba. Lokacin cin abinci ya matsa sai na gaya masa abin da tsohuwar ke cewa. Na ba shi, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Kullum sai ya matso da kwanonsa, yana gaggauta ni da guntun Larabcinsa, "Yalla, habibi, sai ya je wane gari?" Har na kai inda sanina ya ƙare. Ya ce, "To, ya samu sunan?" Na ce ban sani ba. Ya ce in tambaye ta. Ban iya gaya masa dalilin da ya sa ba zan iya ba.

A waɗannan watanni na yi ta tunanin labarin fiye da yadda na yi ina yaro. A sito ba mai kirana da sunan da ubana ya raɗa mini. Wani ya ce Afirka, wani ya ce habibi, wani ya yi fito kawai. Mu dawo a motar kamfani kamar gawa, da asuba mu tashi, mu wanke fuska, mu koma. Iya ba ta taɓa fita Kano ba, kamu ɗaya na allo ta gani, amma ta san wannan tun kafin a haife ni. Kuma na yi kewar hayaƙin nan, da gyaɗar da ta ƙone, da a kushe ni.

Allah ya rufa mini asiri, ta yi rai har na gyara, kuma Ummi ta samu rabonta na labari kafin ƙarfin Iya ya ƙare. Ranar da na kira, bayan ginin ɗakinmu na zagaya. Na cire takalmi na durƙusa a kan siminti, duk da ba ta ganina, domin ban san yadda ake ba babba haƙuri a tsaye ba. Rabi ta kai mata waya.

"Wane ne? Malamin Dubai?"

"Ni ne, Iya. Ki sa a buɗe murya, yaran su matso."

Na jira har na ji numfashinsu. Na ce, "Ranar nan mutumin bai ce shirme ba ne. Cewa ya yi maganar uban da ta sunan haka take, har yana mamakinki. Ni na ɓoye, don in ci galaba a kanki a gaban yara. Ƙaryar tawa ce, ba taki ba. Na raina ki, na raba 'yata da abin da ni na ƙoshi da shi. Don Allah, Iya, ki yafe mini."