Ranar da Na Sayar da Ankon Mutane

Shekara uku na yi ina yawo da takardar digiri a cikin leda bayan na gama bautar ƙasa. Babu benen da ban hau ba a Titin Ibrahim Taiwo. Har masu gadi suka gane ni, tun daga nesa suke yi mini alamar oga ba ya nan. Ni kuwa ga saurin fushi ga girman kai, sai in dawo unguwarmu Kwaciri in huce a kan mutanen gida.

Wanda ya gaji da ganina a kan dakali shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo Bayarabe tela, haifaffen Fagge, muna ce masa Baba. Wata safiya ya rufe kekensa ya ce in biyo shi. Ya kai ni Kantin Kwari, wurin wani Alhaji mai atamfa da ya fi shekara ashirin yana sayen kaya a hannunsa. A Kwari ba takarda ake tambaya ba, wanda ya tsaya maka ake tambaya. Alhaji ko kallon ledata bai yi ba. Ya ce wa Baba, "Mako biyu zan gwada shi. In ya yi ɓarna ba shi na sani ba, kai na sani."

Baba ya ce ya ji, ya ɗauka. A hanyar komawa ya ce mini duk abin da ban gane ba in tambaya. Na ce to, amma a raina cewa nake yi, sayar da zane ma har wani karatu ne?

A rana ta tara Alhaji ya tafi jana'iza, ƙaninsa kuma ya tafi sito, aka bar ni ni kaɗai. A kusurwa akwai turmi goma sha biyu iri ɗaya, shuɗi mai zanen ganye, an juya tambarinsu yana kallon bango, an ɗaure su da ƙyalle. Tun ranar farko abin yake ba ni haushi. Kaya mai kyau haka a ɓoye shi? Na kwance ƙyallen, na juyo su, na jera su a gaba inda kowa zai gani.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga wata malamar makaranta daga Zariya, tana neman zanen da matan cocinsu za su ɗinka iri ɗaya. Tana gani ta ce shi ke nan. Ta kwashe duka, tana cewa za ta kai su ɗinki wurin wani tela kusa da gidan yayarta a Sabon Gari. Wallahi ji na yi kamar na ci jarrabawa.

Bayan azahar Alhaji ya dawo. Bai zauna ba, idonsa ya tafi kusurwar.

"Ina kayan da ke nan?"

"Na sayar, Alhaji. Duka." Har da murmushina.

Ya kalle ni, ya yi magana a hankali. Ya ce duk layin nan an san in an juya zane an ɗaure, to riƙaƙƙe ne, da mai shi. Wannan ankon bikin 'yar wata Hajiya ne. Dangin ango sun riga sun karɓi nasu har sun ɗinka, wannan na dangin amarya ne, kuma an daina kawo irinsa. Bayan la'asar za ta zo ɗauka.

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya ce, "Ai ba a rubuta ba."

Ya ce, "Ka tambaya?" Daga nan bai ƙara kula ni ba. Ya ciro waya ya kira Baba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na fita da gudu na tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Ban san sunan matar ba, ban karɓi lambarta ba, ga teloli kamar me. Shago-shago nake leƙawa ina tambayar wa aka kawo wa shuɗiyar atamfa da yawa yau. Wasu su yi dariya, wasu ko ɗago kai ba sa yi. Ina cikin haka na ji kiran sallar la'asar. A wani lungu na hango shuɗin a kan tebur, tela na riƙe da almakashi. Ya riga ya yanka turmi huɗu.

Aka kira malamar daga gidan yayarta. Ranta ya ɓaci, kuma da gaskiyarta: ta saya a fili, ba ta saci na kowa ba. Ni da ban taɓa roƙon mutum ba, ranar na roƙe ta. Na gaya mata aikina ne, da mutuncin wani dattijo. Daga ƙarshe ta ce wa telan ya haɗa mini duka har da yankakkun, gobe za ta zo ta zaɓi wani.

Da na iso shago mutanen layi sun taru a baki. Hajiya na zaune a kan kujerar Alhaji, Baba na tsaye a gefe. Ta buɗe buhun, ta ɗago yankakken hannun riga da yatsa biyu, ta ce ita turmi ta zaɓa ba ƙyallaye ba, kuma wa za ta cire cikin ƙannenta ta ce babu nata?

Sai Baba ya cire hularsa. Da ciwon gwiwarsa da furfurarsa ya durƙusa a kan simintin shagon, a gaban mutanen da ya girme wa iyayen wasunsu. Ya ce laifinsa ne, shi ya kawo ni. Ya ce a ba shi awon mutum huɗun, zai fitar da ɗinki daga yankakkun nan yadda ba wanda zai gane.

Hajiya ta kau da kai. "Haba Baba, don Allah tashi." Bai tashi ba sai da ta ce ta yarda. Ni ina tsaye da buhu a hannu, kunya kamar ta kashe ni.

Alhaji bai kore ni ba. Ya ce albarkacin dattijon nan na ci. Baba ya ture ayyukan mutanensa ya yi mako guda a kan ɗinkin, kuma ko sau ɗaya bai yi mini faɗa ba.

Shekara huɗu na yi a shagon, har ni nake riƙe makulli. A tsawon shekarun nan Baba bai sake tako layinmu ba, can wani layi yake zagayawa ya sayi yadinsa. Da na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili, ya ci gaba da taka kekensa ya ce gwiwarsa ce ba ta son matakala. Shagon Alhaji ba shi da matakala ko ɗaya.